Laftof na kan dok amma batir raguwa yake yi: ta ina ake fara bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da hoton fasfo a wani gari kusa da Ringim. Kwanakin baya na shiga Kano na sayo laftof Dell Latitude ta hannu, da dok samfurin WD19, shi ma na hannu, wato akwatin nan da ake jona babban allo da firinta da kibod da wayar intanet a jikinsa, sannan waya ɗaya tak ta tafi kwamfuta. Da sola da inbata muke aiki, in batir ya yi ƙasa mu tayar da ƙaramin inji, wutar nepa kuma sai jefi-jefi. Abubuwa huɗu ke damuna. Kwamfutar na nuna tana caji amma batir raguwa yake yi. In tana kan dok takan yi nauyi har buɗe Word ya zama aiki. Allon yakan ɗauke haka kawai, musamman in ana aiki sosai, wani lokaci ba ya dawowa sai na kashe komai. Sannan in na rufe ta na sa a jaka, kafin in isa gida ta yi zafi, da safe batir ya ƙare. Wani ya ce in goge ta in sake Windows. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi wa kasuwa albarka. Ka dakata da maganar sake Windows tukuna. Uku na farko cikin abubuwan da ka lissafa sun fi kama da matsalar wuta, ita kuwa ko sau goma ka goge kwamfuta ba za ta ƙaru ba. Na huɗun ne kaɗai saiti zai magance, shi ma ba sai an goge komai ba.

Abin da nake so ka riƙe tun farko shi ne laftof tana da batir, dok ba shi da shi. Lokacin da kake jona caja kai tsaye, wuta za ta iya ƙiftawa ta dawo sau da yawa a yini ba ka sani ba, domin batir na rufe giɓin. Yanzu da ka sa dok a tsakani, allo da kibod da firinta da intanet duk sun rataya a kan akwatin da ba ya iya rayuwa ko daƙiƙa ɗaya in wuta ta yanke. Duk wata cutar da ke cikin wutar shagonka, wadda laftof ta daɗe tana ɓoye maka, dok ne zai tona ta. Don haka binciken daga adafta da soket zai fara, sannan a zo kan Windows.

Ɗauko adaftar dok ɗin, wannan baƙin akwatin da ke tsakaninsa da soket, ka juya bayanta ka nemi inda aka rubuta OUTPUT. Za ka ga lamba biyu, ɗaya da V, ɗaya da A. Ka yi wannan sau wancan, abin da ya fito shi ne ƙarfinta a wat. Adaftocin Dell masu zagayayyen baki 19.5V ne, a lambar A bambancin yake: 3.34 wat 65 ke nan, 4.62 wat 90, 6.7 wat 130, 9.23 kuma wat 180. Shi WD19 da ɗaya cikin manyan biyun aka riƙa sayar da shi yana sabo. In mai wat 130 ce, abin da zai isa laftof wat 90 ne, sauran 40 dok ya riƙe don kansa da kuma abubuwan da ke jone a jikinsa. In mai wat 180 ce, laftof ɗin Dell takan samu har wat 130, ta wani kamfanin kuma 90. Ka ga ke nan abin da aka rubuta a jikin adafta daban, abin da ya shiga kwamfuta daban.

Matsalar kayan hannu ita ce dok yakan iso kasuwa shi kaɗai ba adafta. Mai shago sai ya laluba cikin kwali ya ɗauko duk wadda bakinta ya shiga. Bakin kuwa, mai faɗin milimita 7.4, iri ɗaya ne tun daga mai wat 65 har mai 180. Ba lallai ha'inci ba ne, shi dai ya jona ya ga fitila ta kama ya ce lafiya lau. To in ƙarama aka haɗo ka da ita, wani dok ɗin ba zai tashi ba sam, wani kuma zai tashi ya kunna allo, ya miƙa wa laftof ɗan abin da ya rage. Alamar caji za ta fito, amma da zarar aiki ya yi nauyi kwamfuta za ta riƙa cike giɓin daga batir. Batir na raguwa alhali tana jone, yawanci daga nan ne.

Sai kuma jabu, wadda aka rubuta mata 130 alhali cikinta bai kai ba. Hannu ma yakan gane ta, domin ta gaskiya tana da nauyi. Amma akwai gwajin da ya fi hannu. Kashe laftof ɗin, ka kunna ta kana danna F2 har ta shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ke buɗewa kafin Windows. A shafin Battery Information, ko a shafin farko in BIOS ɗin sabo ne, akwai layin AC Adapter. Yayin da take jone da dok, duba lambar da ke wurin. In ka ga 90W ko 130W, to wuta na isowa yadda ya kamata. In ka ga lamba ƙarama, ko aka rubuta Unknown, ka kama ɓarawon. In laftof ɗinka na da zagayayyen ramin caja irin na dok, zare adaftar daga dok ka jona ta kai tsaye ka sake dubawa. A tsakiyar bakin nan akwai wani siririn tsinke, ta shi adafta ke gabatar da kanta ga kwamfuta ta faɗi ƙarfinta. In ya lanƙwashe ko ya karye, ko wayarsa ta tsinke daga ciki saboda yawan naɗewa, wuta za ta wuce amma kwamfuta ba za ta amince da ita ba. Haska bakin da fitilar waya ka gani da idonka.

Wannan rashin amincewar shi ne ke jawo nauyin da ka ambata. Idan laftof ta ga wutar da ke shigowa ba ta isa ba, ko ba ta san ƙarfinta ba, takan rage gudun ƙwaƙwalwarta da gangan don kada adafta ta ƙone. Za ka iya kama ta tana yi. Lokacin da nauyin ya zo, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka duba Speed a ƙarƙashin CPU. Kwamfutar da ke gudu sama da 2 GHz in tana aiki, sai ka ga ta maƙale a 0.79 ko ma 0.39 ba ta motsi. Zare wayar dok ka bar ta a kan batir. In lambar ta yi sama nan take, magana ta ƙare, ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma Windows ba ce. Akwai manhajojin da samari ke sakawa su toshe wannan kariyar kwamfuta ta yi gudu dole. Ban ba ka shawarar su ba. Siginar da suke toshewa ita ce kuma ke kare kwamfuta in ta yi zafi fiye da kima, a shagon kwano a watan Afrilu kuwa ba abin wasa ba ne.

Akwai wani abu game da wayar USB-C, wadda ke tafiya daga dok zuwa laftof, da zai taimake ka fahimtar dalilin da ya sa wani lokaci sai ka zare ka mayar caji ke kamawa. Ita ba kamar tsohuwar caja ba ce da ke turo wuta kai tsaye. Da ka jona, bolt 5 kawai ke fara zuwa, sannan a shiga ciniki kamar na kasuwa: dok ya baje abin da yake da shi, bolt 5 ko 9 ko 15 ko 20 da yawan amfiya na kowanne, laftof ta zaɓi wanda ya yi mata, dok ya sallama, sannan wuta ta hau. Duk lokacin da wuta ta ƙifta sai an sake cinikin daga farko, wani lokaci kuma yakan tsaya a rabi. Ƙa'idar ta daɗe iyakarta wat 100, wato bolt 20 sau amfiya 5, sai a 2021 aka fito da sabuwar da ta kai wat 240. Wat 130 ɗin da WD19 ke ba laftocin Dell tsari ne na kamfanin, shi ya sa baƙuwar kwamfuta ba ta samunsa. Ga masu dok ɗin da ake cire wayarsa, su sani waya ta yau da kullum amfiya 3 take ɗauka, wat 60 ke nan, sai mai ɗan guntun lantarki a cikin bakinta ce ke ɗaukar amfiya 5. Kai wayar WD19 a haɗe take da jikinsa, wannan bai shafe ka ba. Abin da ya shafe ka shi ne ƙura. Bayan hunturu ramin USB-C yakan cika da ƙura da zaren jaka har baki ya daina zama daram. Kashe kwamfutar ka kwakwale shi a hankali da tsinken sakace, kada ka sa allura ko wani ƙarfe. Ka kuma tabbata ramin da kake jonawa yana karɓar caji, domin ba kowane ramin USB-C ke yi ba.

Kafin mu bar batun caji, a duba lafiyar batir ɗin kansa, tunda na hannu ne. Buɗe Command Prompt, baƙin shafin nan da ake rubuta wa Windows umarni, ka rubuta:

powercfg /batteryreport

Zai faɗa maka inda ya ajiye rahoton. Buɗe shi ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity. Na farko abin da batir ke ɗauka yana sabo, na biyu abin da yake ɗauka yau. In na farko 60,000 ne na biyu 20,000, kashi ɗaya cikin uku ya rage, kuma irin wannan batir yakan faɗo daga kashi 40 zuwa sifili ba sallama. In ka ga wurin linzamin da ke gaban kibod ya ɗago, ko ƙasan laftof ya yi tudu, batir ya kumbura. Kada ka danna shi, kada ka huda shi, a canza shi da wuri. Kada kuma ka ce za ka cire shi ka ci gaba da aiki a kan dok kawai. A irin wutarmu shi ne kaɗai ke hana aikin kwastoma ɓacewa.

Zafi ma yana hana caji. Batirin lithiyam ba a son a yi masa caji in ya wuce digiri 45, kuma laftof da kanta takan dakatar da cajin in ya kai haka. Yawancin laftoci an ƙera su ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a bazara inuwa ma takan haura 40. In ka lura caji na tsayawa tsakanin azahar da la'asar ya dawo bayan magariba, zafi ne. Ɗaga bayanta iska ta shiga ta ƙasa, ka sa a buɗe ta a share fanka, kada ka ɗora ta a kan dok ko adafta, kuma ka bar marfinta a buɗe ko da babban allo kake kallo. Wani lokaci kuma tsayawar cajin da gangan ce: a BIOS ɗin Dell, ƙarƙashin Primary Battery Charge Configuration, mai ita na farko zai iya saita ta ta riƙa tsayawa a kashi 80. Saitin yana ƙara wa batir kwana. A ofishin da wuta ba ta yankewa na yarda da shi ɗari bisa ɗari, amma a shagonka ni zan zaɓi Custom in sa ya fara caji a 80 ya tsaya a 90, don kada wuta ta ɗauke ta same ka da rabin batir.

Yanzu ɗaukewar allo. Ka ce ya fi faruwa in ana aiki sosai, wannan kalmar ce ta sa nake zargin firinta. In kana da ta leza, kamar yawancin shagunan buga takardu, a cikinta akwai sashen da ke ɗumama zuwa kusan digiri 200 don hodar tawada ta narke ta manne a takarda. A daidai lokacin da ka danna Print, wannan sashen yakan fizgi ɗaruruwan wat lokaci guda. Injin laminatin da na fotokwafi haka suke. Ita mai ruwan tawada da kake hoton fasfo da ita ba ta da laifi, 'yan wat kaɗan take ci. To inbata mai 1kVA abin da take iya ɗauka a zahiri kamar wat 800 ne. In batirinta mai bolt 12 ne, wat 600 na nufin jan amfiya 50 ko fiye ta cikin wayoyin batir. Da yamma batir ya gaji, wayoyin kuma in sirara ne ko bakinsu ya yi tsatsa, wuta za ta nutse na ɗan ƙiftawa. Fanka ba za ta nuna ba, laftof ba za ta nuna ba, amma adaftar dok za ta yanke ta dawo, allo ya yi baƙi, kibod ya mutu, intanet ya katse, wani lokaci takardar da ake bugawa ma ta tsaya a rabi domin firintar ta dok take bi.

Ba sai ka yarda da ni ba, Windows na rubuta shaidar. Danna maɓallin Windows da X, ka zaɓi Event Viewer, ka shiga Windows Logs sannan System. A gefen dama akwai Filter Current Log, ka rubuta 105 a gurbin lamba. Layukan Kernel-Power masu wannan lambar suna nuna duk lokacin da kwamfuta ta koma kan batir ko ta dawo kan wuta, da awa da minti da daƙiƙa. In ka ga biyu a jere tsakaninsu 'yan daƙiƙu, alhali ba wanda ya taɓa waya, to wuta ce ta yanke wa dok. Ka riƙa rubuta lokacin da ka buga takarda a gefen littafin ciniki na yini ɗaya, da yamma ka kwatanta. Ko kuma ka zare filogin firintar leza na rabin yini ka yi aikin rubutu kawai. In allon bai ɗauke ba, ka samu amsa. In kuwa allo na ɗaukewa amma babu 105 a wannan lokacin, wuta ba ta yanke ba, sai a koma kan wayar allo da direbobi, wato manhajojin da Windows ke sarrafa allo da sauran kaya da su.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne ƙaramin UPS, wato akwati mai batir da ke riƙe wuta nan take in ta yanke, mai 650VA ya isa, ka jona masa adaftar dok da babban allo kawai. Firintar leza ta tsaya a soket ɗin bango, kada ta kuskura ta hau UPS, za ta kashe shi. Sannan ka duba inbatarka. Yawancin waɗanda ke haɗa sola da nepa suna da zaɓi biyu na karɓar wuta, UPS da APL. A na farko sukan sauya daga layi zuwa batir cikin kusan kashi 10 cikin dubu na daƙiƙa, a na biyu kusan 20. Bambancin kamar ba komai ba, amma ga adaftar da ke ɗauke da kaya yana iya zama tsakanin allo ya tsaya da ya ɗauke. Sai dai zaɓin UPS ba ya karɓar wutar da ta yi ƙasa da kusan bolt 170, don haka ranar da aka kawo rabin wuta inbata za ta ƙi ta ta zauna a kan batir. Kai za ka auna wanda ya fi maka. Canjoba ta hannu kuwa, wadda ake ja a koma kan inji, daƙiƙu take ɗauka, babu dok ɗin da zai tsallake ta sai da UPS.

In inbatarka irin mai arahar nan ce da wutarta ba ta fita sumul, wadda fanka ke gurnani a kanta, ga wani abin lura. Manyan adaftoci, waɗanda suka haura wat 75, galibi suna da ƙarin da'ira mai daidaita yadda suke jan wuta, kuma wasunsu ba sa jituwa da irin wannan wutar mai hawa-hawa: su yi ƙara, su yi zafi, su yanke. Shi ya sa za ka ga caja mai wat 65 ta shekara lafiya a kan inbata, adaftar dok ta zo ta ƙi zama. A nan sai inbata mai tsaftatacciyar wuta, wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta. Sitabilaiza ba shi ne maganin wannan ba. Adaftar da kanta tana aiki daga bolt 100 zuwa 240, rubuce yake a jikinta, abin da ba ta jurewa shi ne yankewa da tsalle.

Shi kuma ƙaramin inji, ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu muryarsa ta daidaita kafin ka ɗora masa kaya, kuma ka sauke kayan kafin ka kashe shi. Lokacin da mai ke ƙarewa yana shaƙewa yana tashi, a nan adaftoci suka fi mutuwa. Wasu ƙananan UPS ma ba sa yarda da wutar irin wannan injin, sai ka ji suna ta ƙas-ƙas suna komawa batir, don haka ka gwada kafin ka biya kuɗi in da hali.

Ka taɓa jin jikin laftof ko dok na ɗan cizonka a yatsa? In eh, shagonka ba shi da wayar ƙasa, ko kuma estenshan ɗinka waya biyu ce a ciki duk da ramukansa uku ne. Da hunturu, iska ta bushe, tartsatsin da ke fita daga hannu in ka taɓa ƙarfe ya isa ya sa dok ya katse. Ka sa mai gyaran wuta ya kafa maka sandar ƙasa ya haɗa ta da soket ɗin da kake aiki da shi. Kuma kada ka raba kayan, allo a kan inji, dok a kan inbata, alhali waya ta haɗa su. Su sha daga tushe ɗaya.

Saura abin da za ka yi in allon ya ɗauke bai dawo ba. Kafin ka kashe komai, danna Windows da Ctrl da Shift da B tare, wannan na sake tayar da direban allo, za ka ji ɗan ƙara. In bai yi ba, Windows da P ka zaɓi Extend ko Duplicate. In har yanzu shiru, zare wayar dok daga laftof, zare adafta daga dok, ka danne maɓallin da ke saman dok kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar da adafta tukuna, ka jira kaɗan, ka jona laftof daga ƙarshe. A nan ne amfanin barin marfi a buɗe ke ƙara fitowa: dok ya mutu kana da allon laftof da za ka adana aikinka.

Saiti biyu ne a Windows suka cancanci taɓawa saboda dok. Na farko Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8 a 2012. Da shi a kunne, in ka danna Shut down kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana halin da direbobi ke ciki ta dawo da shi gobe, har da rikicewar da dok ya bari. Shiga Control Panel, Power Options, Choose what the power buttons do, danna Change settings that are currently unavailable, ka cire alamar da ke kan Turn on fast startup. Na biyu, a Device Manager, ƙarƙashin Universal Serial Bus controllers, buɗe kowane Hub ka shiga Power Management ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe shi don tsimin wuta. Wannan ne ke sa kibod da linzami su ƙi farkawa bayan an ɗan bar kwamfuta. In ba ka ga shafin a wani ba, ka wuce.

Dok ɗin kansa yana da manhaja a cikinsa, kuma na hannu yawanci tsohuwa ce a kai. A shafin Dell, da lambar Service Tag da ke ƙasan laftof za ka samu sabon BIOS, da sunan WD19 kuma za ka samu Firmware Update na dok. BIOS ake fara yi, sannan dok. In intanet ɗin garinku ba ƙarfi, ka sauke su ranar da ka shiga Dutse ko Kano ka zo da su a filashi. Amma ka yi aikin da rana tsaka, sola na bugawa, batirin inbata a cike, firinta a zare, batirin laftof ya haura rabi. Wuta ta yanke ana tsakiyar wannan aikin, dok zai iya mutuwa ya ƙi tashi.

Zafin jaka labarinsa daban. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /a. In ka ga S3 a cikin waɗanda ke aiki, kwamfutarka na yin barci na gaske. In ka ga S0 Low Power Idle, irin sabon barcin nan ne da ido ɗaya a buɗe: allo a kashe, amma tana iya riƙe intanet, ta sauke sabuntawa, ta farka saboda ɗan motsin linzami mara waya da ka manta a kunne cikin jaka. Abin ya fi faruwa in an rufe marfi tana kan dok sannan aka fizge wayar. Ka sauya tsarin: zare wayar dok tukuna, ka bari ta gane ta koma kan batir, sannan ka rufe. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne Hibernate, wanda ke kwashe duk abin da ka buɗe ya rubuta a faifai, kwamfuta ta mutu murus, gobe ta dawo maka da shi yadda ka bari. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta powercfg /h on, sannan a Power Options ka shiga Choose what closing the lid does, ka sa Hibernate a ɓangaren On battery. Kafin ka zura ta a jaka, kasa kunne ka ji fanka ta yi shiru, fitila ta mutu. In bayan haka ma kana son sanin abin da ke cin batir tana barci, powercfg /sleepstudy zai fito maka da sunansa.

In bincike ya nuna adafta ce, kuma ita na fi zargi, kada ka aika yaron mota ya sayo maka. Ranar da za ka shiga Kano, ko Beirut Road ko Farm Centre, ka tafi da laftof da dok gaba ɗaya. Ka nemi mai wat 130 ko 180, a jona a gabanka, ka shiga BIOS da F2 ka ga lambar ta fito a layin AC Adapter, sannan ka shiga Windows ka buɗe aiki mai nauyi na minti goma kana kallon Speed da kashin batir. Ka ɗan murɗa wayar kusa da bakin da kuma kusa da akwatin yayin da kake kallo, domin wadda ta tsinke daga ciki a nan take nuna hali.